Turmutsutsun Filin Wasa na Accra, 2001

Turmutsutsun filin wasa na Accra ya auku ne ranar Laraba 9 ga Mayu, 2001, a babban birnin Ghana, inda mutum 126 suka rasa rayukansu, wasu majiyoyi kuma suna cewa 127. Shi ne bala'i mafi muni da aka taɓa gani a filin ƙwallo a Afirka har zuwa lokacin, kuma ya zo ƙasa da wata guda bayan na Ellis Park a Afirka ta Kudu, wanda ya ci mutum 43.

Yadda abin ya faru

Hearts of Oak ta Accra ce ta karɓi baƙuncin Asante Kotoko ta Kumasi, ƙungiyoyi biyu da ba sa ga maciji da juna. Kotoko ce ta fara cin ƙwallo, amma dab da tashi ɗan wasan Hearts, Ishmael Addo, ya zura biyu, wasa ya koma 2-1. Magoya bayan Kotoko suka fusata, suka shiga ɓalle kujerun roba suna jifa cikin fili da su da kwalabe. Sai 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa cikin 'yan kallo. Jama'a suka ruga neman mafita ta matsattsun matakala, suka tarar da ƙofofi a kulle. Na baya suna turowa, na gaba ba su da wurin zuwa. Yawancin mamatan numfashi ne ya ɗauke musu saboda matsi.

Waɗanda suka rasu

An kai gawawwaki da dama Asibitin Soja na 37, inda dangi suka yi cincirindo suna neman nasu. Da yawa daga cikinsu matasa Musulmi ne daga Nima da sauran unguwannin zango. Bayan jana'iza, fusatattun matasa sun far wa ofishin 'yan sanda na Nima.

Abin da ya biyo baya

Shugaba John Kufuor ya ayyana makokin kwana uku, aka dakatar da gasar ƙasar, aka kafa kwamitin bincike ƙarƙashin lauya Sam Okudzeto. Kwamitin ya ɗora wa 'yan sanda laifin wuce gona da iri. An gurfanar da jami'ai shida, amma a 2003 kotu ta sallame su saboda rashin gamsassun hujjoji, hukuncin da ya yi wa iyalan mamatan ciwo matuƙa.

An kafa asusun tallafa wa iyalai, aka kuma gyara filin kafin gasar cin kofin Afirka ta 2008. A harabarsa akwai gunkin tagulla na wani ɗan kallo saɓe da ɗan'uwansa. Herbert Mensah, shugaban Kotoko a lokacin, yana jagorantar taron tunawa da mamatan duk shekara.