Mece ce mujallar binciken fasahar koyarwa?

Wanda yake da ɗa ko ƙane a jami'ar kimiyya da fasaha ta KNUST da ke Kumasi ko jami'ar horar da malamai ta Winneba a Ghana ya sha jin ana cewa lakcara ya ƙi karɓar aiki, wai sai an kawo hujja daga mujallar bincike. Wannan mujalla ba a sayar da ita a teburan jaridu na Adum, cibiyar kasuwancin Kumasi. Masana ne ke rubuta ta don masana, kuma kowace maƙala a cikinta rahoto ne na bincike: ga tambayar da aka yi, ga yadda aka tattara bayanai, ga abin da aka gano.

Abu ne mai tarihi. A 1665 aka fara fitar da irinta a Faransa da Ingila. Reshen da ya shafi fasahar koyarwa ya biyo baya da nisa: British Journal of Educational Technology ta fara a 1970, Computers & Education kuma a 1976. Da rediyo, talabijin da majigi aka fara, yau magana ta koma kan kwamfuta, wayar hannu, karatu ta intanet da ƙirƙirarriyar basira.

Abin da ya ba ta daraja shi ne tantancewa. Idan mai bincike ya aika maƙala, edita zai tura wa masana biyu ko uku na fannin, galibi a ɓoye sunan marubucin, shi ma bai san su ba. Su za su tambaye shi: yara nawa ka gwada? Akwai ajin da ba a ba na'urar ba, don a kwatanta? Ko dai malamin ne ya iya koyarwa, ka jingina nasarar ga kwamfuta? Kamar yadda malam ke sauraron almajiri kafin ya yarda ya wanke allo, haka suke mayar da rubutu a gyara, wani lokaci a kwashe watanni ana kai-komo. Da yawa ma ƙin karɓa ake yi.

A Ghana wannan fanni ya shigo har cikin gidajenmu. Da aka rufe makarantu a Maris 2020 saboda korona, an koma darasi ta talabijin. A 2021 aka fara raba wa malamai laftof, a 2024 kuma aka ƙaddamar da rabon tablet ga ɗaliban babbar sakandare. Ko yaro ya ƙara fahimtar lissafi da hakan? Jawabin bikin rabo ba zai faɗa maka ba, sai bincike.

Sai dai a duba inda aka yi binciken. Sakamakon da aka samu a makarantar da wuta ba ta ɗaukewa ba lalle ya yi aiki a unguwannin Aboabo ko Asawase na Kumasi ba, inda yara uku ke jiran wayar mahaifiyarsu, data kuma ta ƙare kafin bidiyo ya buɗe. Shi ya sa nake ganin ɗalibanmu su riƙa leƙa African Journals Online, wadda ke tattara mujallun Afirka tun 1998, kuma da dama daga cikinsu kyauta ake karantawa.

Akwai kuma na bogi. Ana turo saƙon imel cike da yabo, a ce ka biya dala kaza a buga maka cikin mako guda. Biyan kuɗi kaɗai ba ya nuna zamba, don wasu mujallun kirki ma suna karɓa domin a bar kowa ya karanta kyauta. Saurin ne abin tuhuma, domin ba a gama tantancewar gaske a kwana bakwai, kuma kwamitin ƙarin girma na jami'a yana iya ƙin ƙirga maƙalar da aka buga a irin wannan wuri.