Wane itace ne wannan? Amsa ga masu tsintar itacen girki a Daura

Na daɗe ina faskare a garin nan, kuma ba a kwana biyu ba a miƙo mini guntun itace an ce, "Baba, wannan fa?" ba. To ga amsoshin, a riƙe su.

Babu ganye a jiki, ta yaya zan gane shi?

Dubi ɓawo, dubi ƙaya, ɗaga ka ji nauyi, faskara ka sunsuna. Shi ke nan.

Wanne ya fi kyau a murhu?

Marke, sai ƙirya da bagaruwa. Aduwa ma tana ci ba yawan hayaƙi.

Na tsinci wani mara nauyi, ɓawonsa fari-fari ya tsattsage, cikinsa da rami. In sa a wuta?

Tumfafiya ce, ajiye ta. Ita da aguwar da ake shinge da ita, duk abin da ka karya ya fitar da farin ruwa kamar nono, kada ya kusanci tukunya. Ruwan nan in ya shiga ido illa yake yi. Kuma yara kuke turawa tsinta, su karya da hannu su murza fuska. Na ga yarinya da kumburarren ido saboda wannan, uwarta ba ta ma san abin da aka kwaso mata ba. Ku riƙa duba damin kafin a kunna, don Allah.

Bedi yana ɓata abinci?

Bedi, wato darbejiya, ba ya ɓata tuwon da ke cikin tukunya, kwantar da hankalinki. A bar shi ya bushe sosai, ɗanyensa ne mai hayaƙi. Za ki gane shi da ɗaci in kin lasa ɓawon.

Itacen ya daɗe a yashe, ɓawo ya zube, ciki ja ne kuma da nauyi. Ƙirya ce ko bagaruwa?

Nan ne ake shan wuya, ko mu da gatari ke hannunmu mukan tsaya mu juya shi. Dukansu biyu cikinsu ja ne mai duhu. In akwai ragowar ƙaramin reshe, nemi ƙaya: bagaruwa tana da farar ƙaya miƙaƙƙiya bibbiyu, ƙirya ba ta da ƙaya ko ɗaya. In babu reshe, sai gatari ya raba gardama. Ƙirya takan mayar da gatari baya, ta dakusar da bakinsa, shi ya sa ake sassaƙa turmi da ita, maƙera kuma suke neman gawayinta. Amma tsohuwar bagaruwa da ta sha rana ita ma takan yi gardama, kada ka yanke hukunci da sara ɗaya. Tambayi inda aka tsince shi. Kusa da fadama ko bakin tafki, hankalina ya fi karkata ga bagaruwa. Tsohon ginshiƙin rumfa ko dirkar rumbu da gara ta kasa ci, galibi ƙirya. In kuma gefen rawaya ne mai faɗi, duhun ɗan kaɗan ne a tsakiya, to ƙila tsamiya ce ko marke. Ko ka kuskure tsakanin waɗannan ba ka yi asara ba, duk suna barin garwashi, har ruwan wankan jego za su tafasa.

Katakon da aka yar a wurin gini fa?

In da fenti ko an shafa masa maganin gara, a'a. Guntun turken lantarki mai warin kwalta ma a'a. Guba ce kuke shaƙa.

Ya ƙi ci, sai zare-zare a ciki kamar soso.

Kuka ka kwaso. Ba itacen wuta ba ce.

Reshen gawo a gonar mutane, in ɗauka?

Wanda ya faɗo da kansa ya bushe, ka yi sallama da mai gona ka ɗauka. Za ka san shi da farin reshe mai lanƙwashe-lanƙwashe da gajeriyar ƙaya bibbiyu, ba shi da nauyi, wutarsa ba ta jimawa. Amma ka hau da gatari ka ce tsintuwa ka yi? Gawo da damina yake zubar da ganye ya ba gero taki, da rani awaki su ci 'ya'yansa. Sauko.