Mene ne "jerin fifiko" a harkar kare tsofaffin filayen daga?

Idan masu kula da wuraren tarihi suka ce "jerin fifiko", suna nufin takardar da ke nuna wane filin yaƙi za a fara ceto, wane zai iya jira, wane kuma aka riga aka haƙura da shi. Filayen suna da yawa, kuɗin ba su taka kara sun karya ba, masu gine-gine kuma ba sa jiran kowa.

Filin daga ba kamar ganuwa ko tsohon masallaci ba ne. Babu bango, babu soro. Gona ce da tudu da rafi da 'yar hanyar da dakaru suka bi. Shimfiɗar ƙasar ita ce shaidar. Wanda ya tsaya a kan tudun zai gane da idonsa dalilin girke igwa a nan, da dalilin da ya sa waɗanda suka taso daga kwari suka sha kashi. Ranar da katafila ta baje tudun nan, sai dai a karanta labarin a littafi.

A Amurka aka fi tsara wannan aiki, kuma tsada ce ta koya musu. A 1988 wani kamfani ya shirya gina katafariyar kasuwa a kan sama da eka 500 a Manassas ta jihar Virginia, inda Janar Robert Lee, kwamandan dakarun Kudu a yaƙin basasar Amurka, ya kafa sansaninsa a gumurzun watan Agustan 1862. Jama'a suka yi ca, Majalisar Dokokin ƙasar ta karɓe filin da ƙarfin doka, daga baya gwamnati ta biya diyyar da ta haura dala miliyan 100. Fili ɗaya ke nan. Kowa ya ga cewa idan sai gobara ta tashi za a fara haƙa rijiya, baitulmali ba zai ɗauka ba. Sai Majalisar ta kafa kwamiti a 1990, ya miƙa rahotonsa a 1993.

Kwamitin ya tarar an yi arangama kusan 10,500 a yaƙin basasar ƙasar na 1861 zuwa 1865. Ya tace su, ya fitar da 384 a jihohi 26, sannan ya yi wa kowane fili tambayoyi uku.

Ta farko ita ce nauyin yaƙin. Akwai wanda ya sauya akalar yaƙin basasar gaba ɗaya, akwai wanda tasirinsa bai wuce gundumar da aka yi shi ba. An kasa su aji huɗu, 45 ne kawai suka shiga ajin ƙoli. Ta biyu, me ya rage a ƙasa? Idan sojan da ya yi yaƙin ya dawo yau, zai gane wurin? A nan aka gano cewa filaye 71 sun riga sun ɓace a ƙarƙashin gidaje da tituna. Ta uku ita ce barazana: birni na matsowa? An yanka filaye a kusa? Akwai babbar hanya da aka zana za ta ratsa?

Haɗa amsoshin ukun ne ke ba da fifiko, kuma nan ne mutane suka fi yin kuskure. Shahara kaɗai ba ta kai fili sahun gaba. Filin da ke da girman tarihi amma yana can cikin daji babu mai nemansa zai iya jira. Wanda birni ya cinye, kamar na Atlanta ko na Nashville, komai girman sunansa ya koma sahun baya, domin abin da za a saya ya ƙare. Waɗanda aka sa gaba, su 50, su ne masu nauyi, masu sauran kamanni, waɗanda kuma ake gab da rasawa. A ganina wannan ma'auni ya yi daidai, duk da ɗacinsa ga mutanen garin da aka ce nasu ya tafi.

Kafin duk wannan akwai aikin da ake yawan rainawa, wato sanin ainihin wurin. Masu safiyo kan zana iyaka biyu: tsakiyar fili inda aka yi gumurzu, da kewayensa inda dakaru suka yi sansani ko suka bi. Ingila ta ga illar yin sakaci da wannan a Bosworth, inda aka kashe Sarki Richard na Uku a 1485. Shekara da shekaru ana kai baƙi tudun Ambion, an gina musu cibiya, ana nuna musu wai nan aka fafata. Sai masu binciken ƙasa suka bi gonaki da na'urar gano ƙarfe, suka tono harsasan igwa na dalma da wata 'yar alama ta azurfa mai siffar gursunu, tambarin sarkin. A 2010 aka sanar cewa filin na gaskiya yana can kimanin kilomita 3 daga tudun, a cikin gonakin mutane.

Karewar kanta ba lallai sai gwamnati ta ƙwace gona ba. Wani lokaci ƙungiya kan saya, gwamnati ta biya rabi. Wani lokaci a biya manomi ya sa hannu cewa shi da magadansa za su ci gaba da noma amma ba za a yi gini ba har abada. Wannan ta fi araha, kuma ƙasar ta fi kama da yadda take a da idan ana nomanta.

Jerin dai ba wahayi ba ne. Filin Franklin a jihar Tennessee, inda aka yi mummunan yaƙi a 1864, an daɗe ana ƙirga shi cikin waɗanda suka tafi, har da shagon abinci na Pizza Hut a daidai wurin da aka fi zubar da jini. Mutanen garin suka ƙi yarda. Aka sayi shagon, aka rushe shi a 2005, aka ci gaba da sayen fuloti ɗaya bayan ɗaya ana maido da fili. Barazanar ma tana sauya kama: a Manassas ɗin nan, rigimar shekarun baya-bayan nan ta koma kan manyan gine-ginen ajiye bayanan intanet.

Ana iya gwada ma'aunin a kan yaƙoƙin 1903. A Giginya, bayan ganuwar Sakkwato, aka kara da Turawa ranar 15 ga Maris, amma birni ya daɗe da mamaye wajen. Burmi kuwa, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada ranar 27 ga Yuli tare da ɗaruruwan mabiyansa, Manjo Marsh na Turawa shi ma ya faɗi, tana karkara kusa da Bajoga a jihar Gombe. Duka biyun suna da nauyi, amma a Burmi ne ake da sauran ƙasar da za a kare, don haka ita za ta riga shiga jeri, kuma aikin farko a can shi ne safiyon da zai fitar da iyakar tsohon garin da inda aka yi gumurzun.