Shingayen binciken sojojin Isra'ila a Gaɓar Yamma

Shingayen binciken sojojin Isra'ila wurare ne da ake tsayar da Falasɗinawa a kan hanya, a duba katin shaidarsu da takardun izininsu, a caje kayansu da motocinsu, sannan a bar su su wuce ko a mayar da su inda suka fito. Suna warwatse a Gaɓar Yammacin Kogin Jodan da Gabashin Birnin Ƙudus, yankunan da Isra'ila ta mamaye tun yaƙin watan Yunin 1967. Gwamnatin Isra'ila tana cewa tsaron rayukan mutanenta ne ya sa ta kafa su. Falasɗinawa da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam, har da na cikin Isra'ila kanta, suna ganin hukunci ne da ya hau kan mai laifi da marar laifi. Wanda bai san yankin ba yakan ɗauka a bakin iyaka ake wannan bincike. Akasarin shingayen kuwa a tsakiyar Gaɓar Yamma suke, tsakanin garin Falasɗinawa da wani garin Falasɗinawa, ko tsakanin ƙauye da titin da ya ratsa ta bakinsa.

Asali

A shekarun farko na mamaya zirga-zirga ba ta da wuya sosai. A 1972 sojojin Isra'ila sun ba da izini na bai ɗaya, wanda ya bar mutanen Gaɓar Yamma da Zirin Gaza su shiga Isra'ila da Gabashin Ƙudus neman aiki ko ziyara. An soke wannan izini a farkon 1991, lokacin yaƙin Tekun Fasha, aka ce kowa ya nemi takardarsa shi kaɗai. A watan Maris na 1993 aka ayyana rufe yankunan gaba ɗaya, aka girke shingaye a hanyoyin shiga Ƙudus.

Yarjejeniyar Oslo ta 1995 ta raba Gaɓar Yamma gida uku: yankin A da ke hannun Hukumar Falasɗinawa, yankin B da ake riƙe shi tare, da yankin C da Isra'ila ke iko da shi ita kaɗai. Yankin C ya kai kusan kashi 60 cikin 100 na ƙasar, kuma shi ne kaɗai yake haɗe wuri guda. A da B tsibirai ne a cikinsa. Don haka da wuya mutum ya tashi daga wani babban gari zuwa wani bai bi ta hannun sojoji ba.

Boren Falasɗinawa na biyu, wanda ya ɓarke a watan Satumban 2000, shi ya mayar da shingayen abin da aka sani yau. Hare-haren ƙunar baƙin wake a motocin bas da gidajen abinci sun kashe ɗaruruwan fararen hula a Isra'ila, ciki har da mutum 30 a wani otal a Netanya a watan Maris na 2002. Sojoji suka sake kutsawa cikin biranen Falasɗinawa, suka kewaye wasu kamar Nablus da shingaye na tsawon shekaru. A wannan shekarar aka fara gina katangar raba yankuna. Tsawon da aka tsara mata ya haura kilomita 700, kuma kusan kashi 85 cikin 100 na hanyarta a cikin Gaɓar Yamma take, ba a kan layin tsagaita wuta na 1949 da ya raba yankin da Isra'ila ba.

Ire-irensu da yawansu

Ba kowane shinge ne ke da soja a tsaye ba. Ofishin kula da ayyukan jinƙai na Majalisar Ɗinkin Duniya, OCHA, ya ƙirga shingaye 645 a farkon 2023. A cikinsu 49 ne ake tsaronsu dare da rana, 139 kuma sojoji kan zo su tafi. Guda 304 tubalan kankare ne da tulin ƙasa da ƙofofin ƙarfe da aka gitta a kan hanya, 73 ramuka ne da shingen gefen titi, sauran 80 duk a cikin ɓangare ɗaya na birnin Al-Khalil suke. Wannan lissafi bai haɗa da shingen ba-zata ba, wanda motar soja kan kafa na awa ɗaya ko biyu a duk inda ta ga dama, ta naɗe ta ƙara gaba.

Manyan da suka yi suna sun haɗa da Ƙalandiya tsakanin Ramallah da Ƙudus, da Shinge na 300 a bakin Baitalami, da Huwara a kudancin Nablus, da wanda ake kira Kontena a hanyar Wadi Nar. Wannan na ƙarshe ba shi da girma, amma ta nan kusan duk motar Falasɗinawa ke bi daga arewacin Gaɓar Yamma zuwa kudancinta, tunda an hana su ratsa Ƙudus. Ranar da aka rufe shi ƙasar ta rabu biyu ke nan. Mai tafiya ƙasar waje kuma, ko maniyyacin aikin Hajji ne, sai ya bi ta Gadar Sarki Husaini ya ƙetara Jodan, ya hau jirgi a Amman.

Kati da takardar izini

Shingen ba ya aiki shi kaɗai, takarda ce ke ba shi ƙarfi. Mutumin Gaɓar Yamma yana riƙe da koren katin shaida, mazaunin Gabashin Ƙudus yana da shuɗi. Motar da ke da lamba ruwan ɗorawa ta Isra'ila ce, tana bin hanyoyin da mai lambar Falasɗinawa ba zai taka ba. 'Yan kama-wuri-zauna na Isra'ila da ke zaune a Gaɓar Yamma, waɗanda yawansu ya kai kusan rabin miliyan ban da na Gabashin Ƙudus, suna wuce waɗannan wurare galibi ba tare da an tsayar da su ba.

Mai koren kati ba ya shiga Ƙudus ko Isra'ila sai da izinin hukumar soja mai kula da yankunan, COGAT. Izinin kala-kala ne: na aiki, na jinya, na rakiyar marar lafiya, na kasuwanci, na ziyarar ɗan'uwa a kurkuku, na noma a bayan katanga. Kowanne da wa'adinsa, da awannin da yake aiki, wani lokaci har da ƙofar da za a bi. Hukumar tsaron cikin gida ta Shin Bet tana iya sa wa mutum takunkumi ba tare da an faɗa masa dalili ba, kuma sau da yawa sai ya isa gaban tagar bincike yake sanin an soke takardarsa. Wannan tsari ya haifar da dillalai masu sayar da izinin aiki a ɓoye, lebura yana biyansu kaso mai tsoka na albashinsa duk wata.

Asubar ma'aikata

Kafin watan Oktoban 2023, Falasɗinawan Gaɓar Yamma fiye da 100,000 ne ke da izinin aiki a Isra'ila da matsugunan 'yan kama-wuri-zauna, akasarinsu magina da leburorin gona. Shekara da shekaru ana ganin su a Ƙalandiya da Shinge na 300 tun ƙarfe uku ko huɗu na dare, suna cunkushe a cikin dogayen hanyoyi masu sandunan ƙarfe, domin wanda ya makara ya rasa motar ɗan kwangila, ya rasa kuɗin yini. Ana wucewa ta ƙofar ƙarfe mai juyawa wadda soja ke buɗewa da maɓalli daga cikin ɗaki mai gilashi. Ta saki mutum kaɗan, ta tsaya. Wasu kan yi sallar asuba a kan kwali a gefen layi. Masu shayi da gahawa da burodi sun kafa kasuwarsu a wajen.

A 2019 Isra'ila ta sabunta waɗannan manyan mashigai biyu, ta sa ƙofofin da ke karanta katin lantarki da fuskar mutum, jira ya ragu ga mai cikakkiyar takarda. Sai dai tsawon jira ba shi ne babbar cutar ba. Babbar cutar ita ce rashin tabbas. Tsakanin Ramallah da Ƙudus kimanin kilomita 15 ne, amma babu mai iya rantsuwa ko minti 30 zai yi ko awa uku. Ɗalibi mai jarrabawa, da malamar makaranta, da ayarin ɗaurin aure, kowa yana fita da wuri don bai san abin da zai tarar ba. Shi ya sa kafin direba ya tayar da mota sai ya leƙa zaurukan Telegram da WhatsApp inda matafiya ke sanar da juna wace hanya ce a buɗe, wacce ta cushe.

Akwai kuma unguwanni irin su Kafr Aƙab da sansanin 'yan gudun hijira na Shu'afat. A takarda suna cikin birnin Ƙudus, mazaunansu da yawa masu shuɗin kati ne kuma suna biyan harajin birnin, amma katanga ta bar su a waje. Dubun dubatar mutane ke bin shinge kullum don zuwa makaranta ko wurin aiki a garinsu na haihuwa.

Jinya, gona da ibada

Manyan asibitocin ƙwararru na Falasɗinawa a Gabashin Ƙudus suke, kamar Al-Maƙasid da Augusta Victoria, inda masu ciwon daji ke zuwa gashin na'ura. Motar ɗaukar marasa lafiya daga Gaɓar Yamma ba kasafai ake barinta ta wuce ba. Abin da aka saba shi ne ta tsaya a shinge, wata mai lambar Isra'ila ta matso ta baya, a sauke majinyaci daga wannan a ɗora a waccan, ko da rana ake ko ruwa. Wani rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya, bisa alƙaluman Ma'aikatar Lafiya ta Falasɗinawa, ya ce daga 2000 zuwa 2006 mata 69 sun haihu a shingayen bincike, jarirai 35 da uwaye biyar suka rasu. Babu hujjar tsaron da za ta sauƙaƙa wa mutum karanta wannan adadi.

Manomin da katanga ta raba shi da gonarsa yana buƙatar izini na musamman, kuma yawancin ƙofofin gona sai lokacin tsinkar zaitun ake buɗe su, a watannin Oktoba da Nuwamba, na 'yan mintoci safe da yamma. Itacen da ba a yi masa sassabe da huɗa ba sauran shekara amfaninsa raguwa yake. A 2013 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa takunkumin da ke kan yankin C kaɗai yana jawo wa tattalin arzikin Falasɗinawa asarar dala biliyan 3.4 a shekara.

Masallacin Al-Aƙsa ma sai an bi shinge. A ranakun Juma'a na watan Ramadan akan sassauta wa wasu bisa shekaru. A azumin 2024 maza 'yan sama da 55 da mata 'yan sama da 50 da ƙananan yara aka yarje wa, su ma da izini. Kiristocin Baitalami su ma takarda suke nema kafin su je coci-cocin Ƙudus a bikin Ista.

Al-Khalil

Al-Khalil, wanda ake kuma kira Hebron, shi ne inda shingayen suka shiga har cikin lunguna. A watan Fabrairun 1994 wani ɗan kama-wuri-zauna, Baruch Goldstein, ya harbe masallata 29 a Masallacin Annabi Ibrahim. Bayan haka aka hana motocin Falasɗinawa bin Titin Shuhada, wanda shi ne zuciyar kasuwar garin, daga baya aka hana masu tafiya a ƙasa bin mafi yawansa. Yarjejeniyar 1997 ta bar kusan kashi 20 cikin 100 na birnin, wato H2, a hannun sojojin Isra'ila. Falasɗinawa fiye da 30,000 ne ke zaune a ciki tare da 'yan kama-wuri-zauna 'yan ɗaruruwa. Ɗaruruwan shaguna suka rufe. Wasu gidajen an liƙe ƙofofinsu na bakin titi da walda, masu su na shiga ta baya ko ta rufin maƙwabta. A unguwar Tel Rumeida baƙo ba ya kai ziyara sai sojan ƙofa ya yarda. A 2023 ƙungiyar Amnesty International ta ba da rahoton cewa ana amfani da na'urar gane fuska mai suna Red Wolf a shingayen wannan ɓangare, tana tattara hotunan mutane ba da yardarsu ba.

Hujjoji da shari'a

Isra'ila tana nuna yadda hare-haren ƙunar baƙin wake suka ragu ƙwarai bayan gina katanga, da makaman da ake kamawa a mashigai, da hare-haren wuƙa da na bindiga da ake kai wa sojojin da ke wurin. Masu suka suna cewa shingen da ke tsakanin ƙauyen Falasɗinawa da gonarsa ba ya kare Tel Aviv, matsugunan da dokar duniya ta haramta yake karewa. Suna kafa hujja da Yarjejeniyar Janeba ta Huɗu ta 1949, wadda ta hana hukunta jama'a kan laifin da ba su aikata ba. An kuma sha harbe Falasɗinawa a shingaye a yanayin da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam irin su B'Tselem ta Isra'ila suka ce babu barazanar da ta kai a kashe rai. Tun 2001 wasu mata 'yan Isra'ila, ƙarƙashin ƙungiyar Machsom Watch, suke tsayuwa a shingayen suna rubuta abin da idonsu ya gani.

Ranar 9 ga Yulin 2004 Kotun Duniya da ke Hague ta ba da ra'ayin cewa gina katangar a cikin yankin da aka mamaye ya saɓa wa dokar ƙasa da ƙasa. Kotun Ƙolin Isra'ila ta amince da ginin, amma ta sa an sauya hanyarsa a wasu wurare, kamar Beit Surik. Ranar 19 ga Yulin 2024 Kotun Duniya ta ce zaman Isra'ila a yankunan baki ɗaya ba ya bisa doka.

Bayan Oktoban 2023

Bayan harin Hamas na 7 ga Oktoban 2023 da yaƙin Gaza da ya biyo baya, an dakatar da izinin aikin mafi yawan leburorin Gaɓar Yamma, gidaje masu yawa suka rasa abin dogaro a dare ɗaya. Ƙofofin gona sun zauna a rufe a kakar zaitun ta wannan shekara, OCHA ta ce kimanin hekta 9,600 ba a tsinke su ba. An kakkafa sabbin ƙofofin ƙarfe a bakin ƙauyuka, waɗanda soja ɗaya zai iya garƙamewa ya tafi da makulli. A ƙirgar da ofishin ya yi a farkon 2025 adadin shingayen ya kai 849, kusan kashi ɗaya cikin uku ƙofofi ne irin waɗannan, kuma fiye da rabinsu a rufe ake yawan samunsu.