Sarautun gado na Birtaniya: wa ke gada, wa ake naɗawa, wa ya ƙi karɓa?

Sarautun nan guda nawa ne, kuma wace ce babba?

Biyar ne. Duke ce a sama, sai Marquess, sai Earl, sai Viscount, ta ƙarshe Baron. Mai riƙe da sarautar Duke ana kiransa da Duke ɗinsa, sauran huɗun kuwa a bakin jama'a duk Lord ne. Matar da ta auri mai sarauta takan ɗauki lakabin mijinta, amma mijin mace mai sarauta ba ya samun komai.

Mai sarautar yana mulkin garin da sunansa ke ɗauke da shi?

A'a. A ƙasar Hausa in aka ce hakimin wuri kaza, to yana da dagatai da talakawa a ƙarƙashinsa. A can sunan wurin ado ne kawai. Duke na Devonshire ba ya mulkin Devon, babban gidan zuriyarsu ma, Chatsworth, yana yankin Derbyshire ne, can nesa. Ƙarfin waɗannan gidaje daga filaye da dukiya yake zuwa. Hugh Grosvenor ya gaji sarautar Duke na Westminster a 2016 yana ɗan shekara 25, kuma tare da ita dukiyar gidansu ta zo hannunsa, har da filaye masu tsada a unguwannin Mayfair da Belgravia na Landan. Akwai kuma wanda aiki ke bin sarautarsa: Duke na Norfolk ne ke tsara manyan bukukuwan masarauta, shi ya shirya jana'izar Sarauniya Elizabeth a 2022 da naɗin Sarki Charles a 2023.

Wa ke gado?

A mafi yawan gidaje, babban ɗa namiji. Ƙannensa ba su da rabo a sarautar, 'ya'ya mata kuwa ko da su ne manya akan tsallake su a nemo ƙane ko ɗan ɗan'uwa. In an rasa namiji a zuriyar, sarautar ta bi mai ita kabari. A ganina wannan ce ƙa'idar da ta fi wuyar karewa a yau, tunda gidan sarautar Ingila kansa ya daina fifita ɗa namiji a kan mace wajen gadon karagar mulki da dokar 2013.

Lugga fa, wane irin Lord ne? Kuma Sir daidai yake da Lord?

Frederick Lugard, wanda Hausawa suka sani da Gwamna Lugga, bai gaji komai ba. Lokacin da sojojinsa suka ci Kano da Sakkwato a 1903 shi Sir ne. Sai a 1928 aka ba shi sarautar Baron, kuma da ya mutu a 1945 ba shi da ɗa, sarautar ta ƙare a kansa. Sir lambar girmamawa ce da ke ƙasa da waɗannan biyar, ba ta kai mutum Majalisar Dattawan Birtaniya, wato House of Lords, majalisar masu sarauta. Irin ta ce aka ba Sir Ahmadu Bello da Sir Abubakar Tafawa Balewa.

An taɓa samun wanda ya ƙi sarautar?

An samu, kuma labarinsa ya nuna cewa sarautar kan zama mari a ƙafa. Tony Benn ɗan Majalisar Wakilai ne mai wakiltar wata mazaɓa a Bristol. Yayansa ya rasu a Yaƙin Duniya na Biyu, gado ya dawo kansa. Da mahaifinsa, Viscount Stansgate, ya rasu a 1960, doka ta raba shi da kujerarsa nan take, domin a lokacin mai sarauta ba ya zama a Majalisar Wakilai. Ya sake tsayawa a zaɓen cike gurbi na 1961, jama'a suka zaɓe shi, kotu ta ɗauki kujerar ta ba wanda Benn ya kayar. Bai haƙura ba har sai da aka yi dokar 1963 wadda ta ba magaji damar ajiye sarauta. Ranar da dokar ta fara aiki ya ajiye tasa, ya koma majalisa ta hanyar ƙuri'a. A shekarar ce kuma Earl na Home na 14 ya bi ta wannan ƙofa da ya zama Firayim Minista, ya koma Alec Douglas-Home. Ajiyewar ta tsawon ran mutum ce kawai, shi ya sa da Benn ya rasu a 2014 babban ɗansa Stephen ya zama Viscount Stansgate.

Yau su wa ke zama a Majalisar Dattawa?

Galibi waɗanda aka naɗa don rayuwarsu kaɗai, tsarin da aka buɗe da dokar 1958. 'Ya'yansu ba sa gado. Ta wannan hanya Margaret Thatcher ta shiga a 1992, haka ma Victor Adebowale, wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne, a 2001. Masu gado kuwa, gwamnatin Tony Blair ta fitar da ɗaruruwansu a 1999, ta bar 92, sannan a 2024 gwamnatin Keir Starmer ta gabatar da ƙudurin fitar da ragowar. Ƙudurin kujerar majalisa ya shafa, sunan sarautar yana nan a hannun zuriyarsa.