Waiwaye: Takaddamar Hayar Gidaje Ga Baƙi a Garin South Lake Tahoe

South Lake Tahoe ƙaramin gari ne a jihar Kalifoniya ta Amurka, a bakin tafkin Tahoe, daf da iyakar jihar Nebada, kuma mazaunansa ba su wuce kimanin 21,000 ba. Abincin garin yana hannun baƙi, waɗanda ke zuwa da zafi don tafki, da sanyi kuma don wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara. An daɗe ana ba baƙi hayar gida ta 'yan kwanaki a can, amma bayan bayyanar shafukan intanet na neman hayar gida irin su Airbnb, wanda aka kafa a 2008, sai sana'ar ta kutsa cikin unguwannin da mutane ke zaune da iyalansu.

Koken mazauna ya fara ne daga hayaniyar dare, da motocin da ke tare hanya, da sharar da baƙi ke bari a waje har dabbar beyar ta zo ta watsa ta. Abin da ya fi ci musu tuwo a ƙwarya shi ne yadda ma'aikatan otal da na gidajen abinci suka rasa wurin zama, domin mai gida ya fi samun kuɗi daga baƙin mako guda fiye da ɗan haya na wata.

A 2017 majalisar garin ta ƙayyade yawan irin waɗannan gidaje zuwa 1,400 a unguwannin da ba sa cikin yankin masu yawon buɗe ido, ta sa tarar dala 1,000 a kan laifuffuka kamar ajiye mota ba bisa ƙa'ida ba, ta kuma hana shiga kwamin wanka na ruwan zafi bayan ƙarfe 10 na dare. Hakan bai gamsar da masu koke ba. A watan Nuwamba na 2018 mazauna garin suka kaɗa ƙuri'a kan ƙudurin da aka kira Measure T, wanda ya yi nasara da ratar ƙuri'u 58 kacal. Ƙudurin ya haramta hayar ƙasa da kwana 30 a unguwannin zama, tare da bai wa masu lasisi wa'adin shekara uku su daina, amma ya bar wa mazaunin gari na dindindin damar bayar da gidansa har kwana 30 a shekara.

Wannan sassauci, da aka yi don kyautata wa ɗan gari, shi ne ya zame wa dokar ƙarfen ƙafa. Masu gidaje sun garzaya kotu, kuma a 2023 kotun ɗaukaka ƙara ta ce akwai abin dubawa a hujjarsu cewa an nuna bambanci ga masu gida da ke zaune a wasu jihohi, abin da tsarin mulkin Amurka bai yarda da shi ba a harkar kasuwanci. A watan Maris na 2025 kotun gundumar El Dorado, inda garin yake, ta soke dokar baki ɗayanta. Majalisar garin ba ta ɗaukaka ƙara ba, sai ta koma ga bayar da lasisi a ƙarƙashin sababbin sharuɗɗa.