Waiwaye: Yadda Aka Koyi Auna Taurin Nama da Sauran Abubuwa Masu Laushi

A ɗakunan kula da yara masu tamowa a jihar Bauchi, ma'aikaciyar lafiya kan ɗora manyan yatsunta biyu a bayan ƙafafun yaro, ta danna na tsawon daƙiƙa 3, sannan ta ɗaga ta duba ko gurbin yatsun ya zauna, alamar kumburin da taruwar ruwa a jiki ke kawowa. Wannan awo ne na gaske, kuma tambayar da ke ƙarƙashinsa ta daɗe tana wahalar da masana: idan an danna abu mai laushi, me zurfin lotsawar yake faɗa game da taurinsa?

Wanda ya fara ba da amsa da lissafi shi ne Heinrich Hertz na Jamus a 1881, lokacin bai kai shekara 25 ba, yana nazarin yadda gilasan tabarau biyu ke lotsawa a inda suka haɗu. Ya nuna cewa idan ƙwallo ya danna shimfiɗaɗɗen abu, ƙarfin danni ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da zurfi, domin idan zurfin ya ninka sau 4, ƙarfin da ake buƙata zai ninka sau 8. Sai dai lissafin nasa ya ginu ne a kan sharuɗɗa: abin ya zama busasshe, mai kauri sosai, ba ya mannewa, kuma samansa da cikinsa tauri ɗaya. Gilashi ya cika waɗannan sharuɗɗa, amma naman ƙwaƙwalwa, wanda gilashi ya fi shi tauri kusan sau miliyan 70, bai cika ko ɗaya ba.

Sharaɗin mannewa ne ya fara rushewa a fili. A 1971, Johnson da Kendall da Roberts na jami'ar Kambirij suka yi gwaji da roba da kuma jelatin, wato irin abin nan da ke sa romon ƙafar saniya ya daskare idan ya kwana. Suka ga wurin haɗuwar ƙwallo da abin da ya danna ya fi abin da Hertz ya ƙiyasta faɗi, kuma ko an cire nauyi gaba ɗaya abubuwan biyu ba sa rabuwa sai an fizge su. Duk wanda ya yi watsi da wannan manni, to, adadin taurin da zai fitar ba zai zama daidai ba.

Matsalar ruwa ta fi wannan zurfi. Haidirojel, kamar wanda Wichterle da Lím suka bayyana a 1960 har aka samu tabarau mai laushi na liƙawa a ƙwayar ido, saƙa ce ta dogayen zarurruka da ke riƙe da ruwa, kuma haka guringuntsin gwiwa yake. Idan aka danna da sauri, ruwan ba ya samun damar gudu, sai abin ya nuna tauri. Idan aka dakata, ruwan ya tsiyaye gefe, sai ya saki. Abin mamaki, lissafin wannan hali daga nazarin ƙasar gini ya fito, domin Maurice Biot ya tsara shi a 1941 don jiƙaƙƙiyar ƙasa da ke zama a ƙarƙashin nauyi, kafin Van Mow da abokan aikinsa su ɗora irinsa a kan guringuntsi a 1980. Wannan tsiyayewar ruwa ce ta sa ake dakatawa daƙiƙa 3 a awon kumburin ƙafar yaro.

Bayan ƙirƙiro na'urar da ke laluben saman abu da ɗan tsinke a 1986, aka fara danna ƙwayoyin halitta ɗaya bayan ɗaya. A 2006 Engler da Discher da abokan aikinsu suka nuna cewa ƙwayoyin asali na ɓargo, wato waɗanda ke iya rikiɗewa zuwa wasu nau'o'in ƙwayoyin jiki, idan aka raine su a kan jel mai taurin ƙasa da kilofaskal 1 (kilofaskal ma'aunin tauri ne), sukan karkata zuwa siffar ƙwayoyin jijiya, a kan mai kilofaskal 25 zuwa 40 kuwa sukan karkata zuwa na ƙashi. Amma ƙwayar halitta saman jel take taɓawa, kuma Jian Ping Gong ta jami'ar Hokkaido ta riga ta nuna cewa irin mazubin da aka haɗa jel a cikinsa yana sauya samansa, har ya bar sakakkun zarurruka masu santsi. A ganina, duk adadin tauri da aka ruwaito ba tare da faɗin zurfin danni da saurinsa da girman tsinken ba, rabin labari ne.

Inda wannan matsala ta awon danni ta fi shafar majinyaci a Bauchi ko Gombe shi ne ɗakin awon ido. Na'urar da Hans Goldmann na Siwizalan ya ƙera a shekarun 1950 don gano hawan jinin ido tana baje tantanin gaban ido har faɗin milimita 3.06, kuma ya zaɓi wannan adadi ne domin a nan turjiyar tantanin da jan da hawaye ke yi wa kan na'urar suke kashe juna. Lissafin ya ɗauka cewa kaurin tantanin kowa ya kai kimanin rabin milimita, alhali bincike ya nuna cewa na baƙar fata ya fi siranta a matsakaici, kuma siririn tantani yakan sa na'urar ta nuna adadin da bai kai ainihin matsin da ke cikin idon ba.